Abin da Ya Ci Albasar Bawa

Duk wanda ya san Bawa a Gidan Awal ya san abu biyu game da shi: albasarsa ta fi ta kowa ja, kuma bai yarda da kowa ba. Gidan Awal ƙauye ne a ƙasar Malbaza, ba nisa da Galmi, inda yaro kan san warin albasa tun bai san sunan kakansa ba. Irin da Bawa yake shukawa gadon mahaifinsu ne, shi da ƙanensa Dogo. Tsohon ya bar musu garka guda da rijiya a tsakiyarta. Suka raba ƙasar, Bawa ya ɗauki gabas, Dogo ya ɗauki yamma, rijiyar kuwa suka bar ta ta kowa. 'Yar hanyar ruwa ce kawai iyakarsu, wadda ko akuya ba ta ɗaga ƙafa sosai in za ta tsallake ta.

Fitar da iri ba kamar noman albasar kasuwa ba ne. Tun rani ake zaɓen manyan kawuna a jera su a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa. Idan damina ta wuce sai a sauko da su, a fille saman kowace da wuƙa, a binne gindin. Shi ne zai tsiro, ya yi fure, ya ba da baƙin iri. Wannan aikin Bawa ba ya barin kowa ya taɓa masa. Shi zai zaɓa, shi zai yanka, shi zai binne, matarsa Kaltume ma sai dai ta ajiye masa fura daga nesa ta juya.

A wannan shekarar ya binne, ta tsiro, har ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Sai ganye ya soma yin rawaya yana kwanciya. Wata safiya ya kama ɗaya ya ja, ganyen ya zo a hannunsa ba gardama, gindin ya zauna cikin ƙasa. Da ya tona da yatsa sai ya ji laushi, wani ruwa mai yauƙi ya biyo hannunsa, wari ya buge shi har ya kau da kai. Ya tona ta kusa da ita, haka. Ya tona ta gaba, haka. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don abin da ya binne shi ne duk irin da yake da shi a duniya.

Ya miƙe ya dubi garkar tun daga ƙarshenta, sai ya ga abin da ya hana shi cin abinci ranar. Layukan can gabas, nesa da iyaka, lafiyarsu lau. Ruɓar daga tsakiya ta fara, kuma tana matsowa wajen Dogo tana ƙara muni. Amma da zarar an tsallake hanyar ruwa, albasar Dogo ce tsaye, kore shar, ko ganye ɗaya bai sunkuya ba.

Bawa ba ya cikin mutanen da ke cewa ikon Allah su yi shiru. Ya zauna a bakin rijiya ya shiga lissafi. Ruwa ɗaya suke sha. Ƙasa ɗaya ce. Iri na uba ɗaya ne. To, in ba ruwa ba, ba ƙasa ba, ba iri ba, ai sai mutum. Da ya kai nan bai sha wuyar samun mutumin ba, domin mai neman wanda zai zarga ba ya daɗewa yana nema.

Matar Dogo, Rashida, 'yar Illela ce, malama a lakwal ɗin gari, wato makarantar boko, tana koyar da ilimin halittu. Kafin a sauke albasa daga rudu ta aiko wa Kaltume cewa tana son kai guda, wanda ya fi ja, za ta yi karatu da shi. Kaltume ta hau ta ɗauko ta ba ta ba tare da ta tambayi mai rudu ba, abin da ya jawo mata faɗa na yini guda. Daga baya kuma, don ta wanke kanta, ta ba shi labarin abin da ta gani da idonta: Rashida ta sa reza ta ɓare wata 'yar fata siririya daga jikin albasar, ta shimfiɗa bisa gilashi, ta ɗiga mata wani magani mai ruwan ƙasa, ta nannaɗe a tsumma ta tafi da ita. A lokacin Bawa tsaki kawai ya yi. Yanzu kuwa labarin ya dawo masa da wata fuska. Ai haka ake yi: a ɗauki kaɗan daga abinka, a kai wani wuri, a yi masa aiki, sauran ya lalace. Da can ƙulli ake yi a tsumma a binne. Yanzu an yi boko, an koma gilashi.

Dogo yana can yana ban ruwa, Bawa ya ɗaga murya.

"Dogo, taho ka gani."

Dogo ya kashe injin ruwa ya tsallako. Mutum ne marar yawan magana mai saurin dariya, kuma tsawonsa ya sa kullum kamar yana sunkuyo wa mutane. Ya tsuguna ya tona, ya shinshina yatsunsa.

"Subhanallahi. Yaya, wagga ai tun daga ciki tar ruɓe."

"Na gani. Abin da ban gane ba, mi ya hana ta tsallakawa wurinka? Ko ruɓa ta san iyaka?"

Dogo ya fara dariya, yana tsammanin wasa ne. Da ya ɗaga kai ya ga fuskar wansa sai dariyar ta tsaya.

"Mi kaka nuhi, Yaya?"

"Matarka ta amshi albasata ta kai lakwal. Mi anka yi da ita?"

"Karatu anka yi da ita. Yara taka nuna ma abin da ke ciki."

"Abin da ke cikin albasa ai albasa ta. Wa ka bukatar madubi shi san hakanan? In tawa ta mutu, bana iri wurin wa mutane za su nema? Ba wurinka ba?"

Dogo ya miƙe a hankali, ya goge hannunsa a wando. Bai ce komai ba, ya koma ya tada injinsa. Wannan shirun ma Bawa ya sa shi cikin hujja, ya ce ai da yana da gaskiya da ya yi gardama.

Kafin la'asar maganar ta kai wurin mai shayi, kafin magariba ta kai ƙofar masallaci, kuma ba wani ne ya kai ta ba, Bawa ne da bakinsa. Washegari ya tafi gaban mai gari ya ce yana son a ba ƙanensa Alƙur'ani ya rantse cewa ba shi da hannu, shi da iyalinsa, cikin abin da ya sami garkar gabas. Mai gari ya ba shi baki, liman ya ba shi baki, ya ƙi ji. Aka sa rana, Juma'a mai zuwa bayan an sauko. Kowa a Gidan Awal ya san abin da wannan ke nufi. Baƙo kan rantse wa baƙo su sake gaisawa a kasuwa. Amma ɗan'uwan da ya sa ɗan'uwansa ya dafa Littafi a gaban jama'a ya yanke abin da ba a ɗinkewa, ko an rantse da gaskiya ko da ƙarya.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoron Bawa, ƙanwar mahaifinsu, wadda duk gari ke kira Goggo. Ranar Litinin da hantsi ta iso gidansa da sandarta, ko tabarma ba ta karɓa ba.

"Tashi mu tahi lakwal. Tunda ka ce can anka yi maka sammu, sai mu je mu ga bokan da idonmu. Ni ban taɓa ganin bokan da gwamnati ka biya albashi ba."

Bawa ya so ya ƙi, sai ya yi tunanin ai wannan dama ce ta kama abu a hannu kafin a ɓoye shi. Ya biya garka ya tono ruɓaɓɓiya guda, ya ƙulle a leda, suka tafi.

Sun isa yara sun tashi cin abincin rana, Rashida ita kaɗai a aji tana share allo. Tana ganin wanda ke bayan Goggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa ta gaishe su tana duban ƙasa. A wajen nan wan miji abin kunya ne. Ba ya zama da matar ƙanensa su yi taɗi, ba ta kallon idonsa, in magana ta kama dole sai a bi ta bakin wani. Shi ya sa Goggo ta ja benci ta zauna a tsakiya, Bawa ya juya wa taga fuska, Rashida ta juya wa allo.

Bawa ya ajiye ledar bisa tebur da ƙarfi.

"Goggo, ki ce mata ga aikinta nan na kawo mata."

"Ta ji, ba kurma ba ta," in ji Goggo. "Ke ɗiyata, ɗauko bokan."

Rashida ta buɗe kabad ta ɗauko shi. Wani ɗan ƙarfe ne baƙi mai wuya a lanƙwashe, fentinsa duk ya goge, da ɗan madubi a ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken rana. Shi kaɗai lakwal ɗin yake da shi. Bawa ya ji haushin ƙanƙantarsa, don ya zo yana tsammanin abin da ya fi haka ban tsoro.

"Goggo, ki ce ma Yaya sunanshi mikroskop. Ƙara ma abu girma kawai shika yi. Maganin da na ɗiga kuwa shi na wanda aka sa ma rauni a likita, launi shika ba abin don a gani. In Yaya ya yarda, shi hwara ganin mai lahiya."

Ta ɗauko wata albasa daga jakarta, ta ɓare fatar, ta shimfiɗa a gilashi, ta daidaita, ta ja da baya har jikin bango. Bawa ya matso kamar mai leƙa rijiyar da aka ce akwai maciji. Da farko ya rufe idon da ya kamata ya buɗe. Sannan ya ga gashin idonsa kawai. Goggo ta ce in bai iya ba ya ba ta wuri. Sai ya ɗan motsa kai, abin ya buɗe masa.

Ɗakuna ya gani. Ɗakuna dogaye a jere, bango na jikin bango kamar tubalin gini, ba ɗaya da ya bar rata tsakaninsa da maƙwabcinsa. A cikin kowane akwai wani ɗigo a gefe. Shekara da shekaru yana ɓare wannan fatar yana yarwa, bai taɓa sanin da gari a cikinta ba. Abin ya ba shi mamaki, kuma ya ji haushin da ya ba shi mamaki.

"Goggo, ki ce ma Yaya kowane ɗaki shi aka ce ma selil da Faransanci, ƙwayar halitta. Dut abin da ke da rai da irinsu anka gina shi, har mu. Bangon nan na waje na. Daga cikinshi akwai wani tantani siriri wanda madubinga bai kai shi nuna sosai ba, shi ka riƙe ruwan ɗaki, shi ka zaɓen abin da za shi shiga da abin da za shi hita. Ɗigon nan kuwa shi ad da umarni, kamar mai gida. Akwai wasu ƙanana ciki, wani na ba da ƙarhi, wani na ajiya, kowa da aikinai."

"Kowane ɗaki da mai gidanshi, ba mai leƙen na wani," in ji Goggo. "Albasa ta hi wasu hankali."

Bawa ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a gaya mata ai wannan albasarta ce, ta sa tasa in ta isa. Rashida ta miƙa hannu za ta kwance ledar, ya ce a'a, shi zai sa da kansa, kuma ba a gilashin da ta taɓa ba. Ta turo masa kwalin gilasan, ya zaɓi na can ƙasa, ya goge da bakin rigarsa har sau nawa. Ya ce a fara sa ruwa zalla ya gani, ko ƙarfen ne ke da zane a cikinsa. Aka sa, ya leƙa, haske kawai. Sannan ya ɗebo ruɓar da tsinke ya shafa, ta gaya wa Goggo yadda zai rufe da yadda zai murɗa, ya murɗa.

Garin ya rushe. Bangaye sun rabu da juna, wasu ɗakunan sun fashe, wasu suna yawo su kaɗai cikin ruwa mai dauɗa. Da ta ce ya juya zuwa babban idon madubin, sai ya ga ruwan da kansa yana motsi. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne, ƙanana ƙwarai, ba su ƙirguwa, suna ta kai da kawo. Da waɗannan ya yini a hannunsa, da su ya ci tuwo.

"Su na bakteri," in ji Rashida, har ta manta ta ce Goggo. Ta yi sauri ta gyara. "Goggo, ki ce ma Yaya su ma masu rai na, kowane ɗaki guda na shi kaɗai, ba shi da wancan ɗigon ma. Sukan narkar da abin da ya haɗa bango da bango, tantani shi hwashe, ruwa shi zube, su sha. Guda kan rabe shi zama biyu, biyu su zama huɗu, kahin ka ankara sun cika wuri."

Goggo ta leƙa ita ma, ta yi salati, ta tambaya ko su ne ke kawo ƙyanda. Rashida ta ce a'a, na ƙyanda wani ne daban, birus ake ce masa. Shi ba ɗaki ba ne ma, ba ya ci, ba ya haihuwa da kansa, sai ya shiga ɗakin wani ya sa kayan aikin ɗakin su yi ta ƙera irinsa. Ta ce shi wannan madubin ba ya iya nuna shi, ya yi ƙanƙanta da yawa.

Nan Bawa ya sami abin kamawa, har ya kusa juyowa ya dube ta.

"To! Goggo, kin ji da kunnenki. Akwai abin da madubinta bai gani. Sammu ma bai gani. Kuma waɗanga da na gani, wa ya aiko su? Da ƙahwa sunka taka sunka zaɓi garkata sunka bar ta mijinta?"

Rashida ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, a hankali, su bakteri ba su iya huda busasshen ɓawo. Sai sun sami rauni suke shiga, kamar inda ƙwaro ya ci, ko inda aka yanka.

Kowa a cikinsu ya san wanda ke yanka albasar Bawa.

"Goggo, ki tambayi Yaya, don Allah shi yi haƙuri. Wuƙar da shika yanka da ita, ana wanke ta tsakanin wagga da waccan?"

Ba a wankewa, kuma Goggo ta fi kowa sani. Wuƙar mahaifinsu ce, Bawa ya gaje ta a matsayinsa na babba, da ƙa'idarta: daga an yi bisimilla an fille ta farko, ba a wanke ta, ba a goge ta, sai an fille ta ƙarshe, don kada albarkar iri ta bi ruwa. Dogo da bai gaji wuƙa ba bai gaji ƙa'ida ba. Da wuƙar ɗakin girki yake yi, matarsa kuma ta dame shi da tsoma ta a ruwan zafi.

Ran Bawa ya ɓaci.

"Wato yanzu wuƙar ubana ta mayya? Goggo, kin ji inda anka kai. An kashe mani iri, yanzu kuma ana zagin wanda ya haihe ni."

"Ban zagi Baba ba," in ji Rashida tana fuskantar allo. "Kada Yaya shi yarda da ni. Shi sami masu lahiya inda ban sani ba. Shi yanka ruɓaɓɓa, shi yanka wasu da wuƙar hakanan. Shi sa wuƙar ga wuta, shi yanka sauran. Shi ruhe su dabam-dabam da jiƙaƙƙen buhu, shi duba ranar Alhamis."

Bawa ya ɗauki ledarsa ya fita ba sallama. A hanya ya gaya wa Goggo cewa shi ba yaron lakwal ba ne da za a ba shi aikin gida.

Amma da yamma ya hau babur ya tafi Galmi. Ya wuce duk masu albasar da ya sani, don kowanensu zai iya zama an gama baki da shi, ya saya wurin wani baƙo a bakin titi. Ya dawo ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa. Ya yi yadda aka ce, ya sa kashi ɗaya a tsohuwar tukunya, ɗayan a wata, ya rufe, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Niyyarsa ranar Juma'a ya kai tukwanen gaban mai gari ya nuna ƙaryar boko. Kaltume ta tambaye shi abin da yake ɓoyewa, ya ce ita ma bai gama da ita ba tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi ya buɗe ɗakin, hancinsa ya riga idonsa sani. A tukunyar waɗanda aka yanka da wuƙa bayan ta sha wuta, albasar ta ɗan bushe a fuska, har wata ta fara turo kore. Ɗayar kuwa ta yi laushi, ta yi yauƙi, warin nan dai na garkarsa. Ya duba kwaɗon, ya duba taga, ya duba rufin ɗakin ko an ɗaga kara. Ba wanda ya shiga. Ya nemi wanda zai zarga, ya zaga gari kaf a cikin kansa, bai samu ba.

Sai ranar yankan ta dawo masa. Daga gabas ya fara binnewa, yana yanka yana matsowa yamma. Wajen tsakiyar aiki wuƙar ta nutse cikin wata da ta yi kyau a waje, cikinta kuwa ruwan ƙasa ne mai wari. Ya yi tsaki ya jefar da ita bayan shinge. Ya dubi wuƙar tana naso, ya tuna ƙa'ida, ya ɗauki ta gaba ya yanka. Haka ya yi ta yi har iyakar Dogo.

Ya zauna a bakin gado, kunya ta rufe shi. Baƙin cikin irin ma ya koma baya. Abin da ke cin sa shi ne bakin da ya riga ya saki: wurin mai shayi, ƙofar masallaci, gaban mai gari. Gidan Dogo yana nan bayan katanga, yana jin ƙarar turminsu. Tafiya ce ta ɗan lokaci kaɗan, ya je ya ce ni ne. Ya tashi har ya sa takalmi, ya kai ƙofar gida, ya ga mutane zaune a gindin itacen bedi, ya dawo. Da la'asar Goggo ta leƙo ta tambaye shi ko ya gwada. Ya ce ba shi da lokacin wasan yara. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iskar tsakar gidan, ta dube shi, ta tafi.

Kafin gari ya waye ya samo dabara, kuma ya ji daɗinta ƙwarai, don a ganinsa ba wanda za ta yi wa ciwo. Ba za a yi rantsuwa ba, shi kuma ba zai tsiraita kansa a gaban gari ba.

Bayan Juma'a aka taru a ƙofar mai gari, har waɗanda ba su saba tsayawa ba sun tsaya. Liman ya zauna da Alƙur'ani a cikin gafaka bisa cinyarsa. Dogo yana gefe cikin farar riga, ya rame a 'yan kwanakin nan. Goggo ta sa an ajiye mata kujera a bakin zaure. Mai gari ya sake tambayar Bawa ko yana nan a kan bakansa.

Bawa ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, na yi tunani. Dogo ƙanena na, ciki guda munka hito. Abin da ya wuce ya wuce. A mai da Littahi. Na yahe mashi, duniya da lahira."

Wuri ya ɗauki madalla. Wani ya ce haka ake son babba, wani ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Liman ya fara mai da igiyar gafaka. Bawa ya ji sanyi a ransa, har ya fara karɓar hannun mutane.

"Mi ka yahe, Yaya?"

Dogo ne. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Wanda ya yi laihi aka yahe ma. In na tashi nan da yahewarka, har in mutu ni na wanda ya kashe irin ubanai anka yahe mashi. Ɗiyana ma da sunan za su tashi. Malam, ina da alwala. A ba ni."

Mai gari ya ce a yi haƙuri, liman ya ce ai an wuce wurin. Dogo ya ce shi aka kira, kuma ya zo. Ba yadda za a yi, aka buɗe gafaka. Bawa ya dubi Goggo, ita kuwa shi take kallo, ba ta ko ƙifta ido. Maganar tana bakinsa. Ya ga ƙanensa ya durƙusa, ya ga dogon hannun nan ya sauka bisa Littafi, ya ce a ransa bari ya gama bisimilla tukuna. Dogo ya gama bisimilla. Ya rantse cewa shi da matarsa ba su taɓa nufin garkar gabas da sharri ba, da hannu ko da baki ko da aike, in kuwa ƙarya yake kada ya ga damina mai zuwa. Ya ɗauke hannunsa.

A lokacin ne bakin Bawa ya buɗe.

"Wuƙata ta! Jama'a, wuƙata ta. Ni na yanka ruɓaɓɓa ban wanke ba, ni na bi sauran da ita. Na gwada, na gani da idona. Dogo bai yi komi ba."

Ba wanda ya ce madalla wannan karon. Dogo yana durƙushe har yanzu, ya juyo ya dube shi.

"Yaushe ka gani?"

Bawa ya so ya yi ƙarya, amma Littafin yana buɗe a gabansa.

"Jiya da hantsi."

"Jiya da hantsi," in ji Dogo. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin kaya. "Katanga guda ta raba mu. Ka kwana da shi, ka tashi da shi, kaz zo nan ka ce ka yahe mani."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwoyinsa, ya juya wajen mai gari.

"Ranka shi daɗe, ina roƙon a turo dattawa gobe su ja muna shinge. Rijiya na bar mashi, ni za ni gina tawa. Iri kuwa na ubanmu na, ba ni hana kowa. In ya nuna, Malam Bawa shi aiko da ƙwarya a zuba mashi, kamar sauran mutanen gari."